Shekarar da Na Bar Gayya

Bitrus, Godiya, Kyauta, na ji abin da ya faru a bikin ɗiyar Markus a Manchok. An ce mini Godiya ta ƙi gaishe shi, har ta faɗa wa ƙawarta da muryar da kowa zai ji cewa su Markus ne suka bar babanta shi kaɗai a gonar citta saboda hassada. Ban san wanda ya ba ku labarin a haka ba, amma ina zargin uwarku, domin har yau in aka ambaci shekarar nan sai ta ja tsaki ta tashi ta shiga kicin. Markus ɗan Baba Ayuba ne, ƙanin mahaifina. Tare muka yi kiwon awaki, tare aka yi mana baftisma, kuma in yana da hassada to ni ban taɓa ganinta ba. Ni ne na fita daga gayya da ƙafata, idona biyu, saboda wata jarrabawa. Bari in faɗa muku yadda aka yi, ku daina ɗaure wa mutane fuska a bikin 'ya'yansu.

Ku da kuka girma a Kaduna ba ku san gayya ba sai a baki. A ƙauyenmu kowane gida yana da mutum ɗaya a cikinta. Wannan Asabar a gonar wane, ta gaba a gonar wane, tun daga shukar citta da lulluɓe ta da ganye a farkon damina, zuwa huɗar dawa da yankan acca, har tonon citta bayan ruwa ya ɗauke. Mai gona ba ya biyan kowa. Matan gidansa ne za su dafa wake da manja da riɗi, su dama kunu, a kai gona a ci a sha. Dokar ɗaya ce, kuma ba wanda ya taɓa rubuta ta: wanda ya kai jikinsa gonar mutane, mutane za su kawo nasu gonarsa. Da mahaifina ya rasu ni na gaji wurinsa, Baba Ayuba kuma shi ne shugaba. A lokacin ina koyar da aikin gona a wata sakandare a Kafanchan, ina haya a ɗaki ɗaya bayan layin dogo. Ku da uwarku kuna ƙauye tare da Mama, mahaifiyata. Kowace Juma'a in an tashi sai in hau bas zuwa Manchok, in hau babur in ƙarasa gida, gari na wayewa ina bakin kunya da fartanyata. Ban fi kowa ƙarfi ba, amma bakina ba ya hutawa, kuma a gayya ana son mai sa mutane dariya kusan yadda ake son mai ƙarfi.

A farkon shekarar da na bar gayya ne faston majami'ar da nake zuwa a Kafanchan ya kira ni ya ce akwai wata ƙungiya a ƙasar waje da ke ɗaukar nauyin malaman aikin gona su je su yi digiri na biyu. Ya ce shekaruna sun kusa wuce iyakar da suka sa, in ban nema bana ba shi ke nan. Sharaɗin da ya rage shi ne in rubuta jarrabawar da jami'o'insu ke nema kafin su ɗauki mutum, a Abuja, wajen ƙarshen shekara. Ya ba ni aron wani littafi mai kauri na shirin jarrabawar. Na duba ɓangaren Turanci na ga zan iya fama da shi. Na duba na lissafi na yi dariya, domin ba wani lissafi mai wuya a ciki, duk abin da muka wuce tun muna aji uku ne. Na zauna na amsa tambayoyin gwaji da gadara, na buɗe bayan littafin don in yaba wa kaina, sai na tarar na faɗi fiye da rabi.

Yawancin waɗanda suka kayar da ni iri ɗaya ne. Za a ba ka abu biyu a ce ka kwatanta, amsoshin kuma huɗu: na farko ya fi, na biyu ya fi, daidai suke, ko kuwa ba za a iya sani ba daga abin da aka faɗa. Misali, a ce akwai wata lamba da ba a faɗi ko nawa ba ce, suna kiranta ekis. An ce in ka ninka ta da kanta, abin da ya fito ya fi ta. To tsakanin ita da ɗaya, wa ya fi? Ni sai in ɗauki uku, in ce uku sau uku tara, tara ta fi uku, uku kuma ta fi ɗaya, an gama. Littafin sai ya ce a'a, ka gwada biyu ta ƙasa da sifili, wato mainos biyu. In ka ninka ta da kanta huɗu za ka samu, huɗu ta fi ta, amma ita ba ta kai ɗaya ba. Saboda haka amsar ita ce ba za a iya sani ba. Abu biyu suka haɗu suka yi mini tarko. Na farko, ni mutumin gona ne, in aka ce lamba, awaki nake gani ko buhunan citta, kuma ba wanda ya taɓa mallakar rabin akuya ko akuyar da ke ƙasa da babu. Na biyu, ni malami ne, kuma a zamaninmu malami ba ya tsayawa gaban aji ya ce ba a sani ba. Hannuna ƙin zaɓen amsa ta huɗu yake yi ko da idona ya gan ta. Na gane cewa ba sabon ilimi nake bukata ba, kaina ne sai an kwance shi an sake ɗaurewa, kuma wannan ba aikin da za a yi da gajiyar yammacin ranar makaranta ba ne. Rana guda ce nake da ita cikakkiya a mako, ita ce Asabar.

Na sami Baba Ayuba a gindin mangwaron ƙofar gidansa yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta zagaye-zagaye, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Baba, bana ba zan samu zuwa ran Asabar ba. Akwai jarrabawa a gabana."

"Kai ba tica ba ne? Tica ma yana rubuta jarrabawa?"

"Yana rubutawa, Baba. Wannan ta zuwa ƙasar waje ce. Amma ba zan bar wurina haka ba, zan riƙa aiko da lebura a madadina."

Ya buga ƙotar a kan dutse, ya duba ko ta zauna, sannan ya dube ni.

"Ka aiko shi. Za mu ba shi abinci, ba za mu kore shi ba. Amma Ishaya, ka ji ni da kyau, ba? Lebura ya zo wa kansa ne. Ba za mu sa shi a wurin ka ba."

Na ce to, Baba. A zuciyata na ce maganar tsofaffi ce, in sun ga aiki za su sauko. Mutumin da na samu kuwa ƙato ne, magidanci daga wajen Kagoro, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, kunyar da zan yi rabin rana a kanta shi kafin a kawo kunu ya gama. Ni da nake kwana da tashi cikin wa ya fi wa, sai na auna abin da mudun littafina: in aikinsa ya kai nawa har ya wuce, ai na sauke hakkin da ke kaina. Ban tsaya na tuna cewa a gayya ne ake jin wanda matarsa ba ta da lafiya, a nan ake sasanta rikicin iyaka, a nan ake yi wa mai neman aure tsiya har ya faɗi sunan yarinyar ba. Wannan ɓangaren ba ya aikuwa.

Haka na fara zaman Asabar a makaranta. Ɗakina ba ya zaunuwa da rana saboda kwano ne ba silin, don haka mai gadi ya riƙa buɗe mini aji ɗaya a ƙarshen gini. Wanda bai taɓa zama a makaranta ranar da ba ɗalibai ba bai san shiru ba. Bencuna a jere ba kowa, ƙofa tana bugawa da kanta in iska ta taso, can nesa hayaniyar kasuwa, wani lokaci akuyar wani ma'aikaci ta leƙo ta dube ni ta wuce. In hadari ya haɗu sai in tsaya a taga in ce yanzu suna gudu zuwa bukkar gonar wane, yanzu Markus yana cewa shi dama ya faɗa za a yi ruwa. Na yi kewarsu ƙwarai. Ba wanda zan tambaya. Malamin lissafinmu na kai masa tambayoyin sau ɗaya, ya duba ya ce wannan ba lissafi ba ne, wayon Turawa ne, ya miƙo mini littafina.

Da na ga ba mai taimako sai na ƙirƙiro hanyata. Na lura cewa lambobin da ke kayar da ni ba su da yawa, kullum su ne dai: sifili, ɗaya, wadda ke ƙasa da sifili, da rabi. Sai na yi wa kaina doka cewa ba zan amsa kowace tambaya ba sai na kira su huɗun nan sun ba da shaida. Don kada in manta da su, na ba su sunayen mutanen gida. Sifili na sa masa Danjuma, wani a gayyarmu da ba ya isowa sai an sauke abinci, domin duk abin da ka ninka da sifili ya zama babu. Ɗaya shi ne Baba Ayuba, duk abin da ya taɓa sai ya bar shi yadda ya same shi. Mainos kuwa Markus ne sak, mai juya magana: biyu ba ta kai biyar ba, amma ka ninka su duka da mainos ɗaya, sai mainos biyu ta koma ta fi mainos biyar, alamar nan mai buɗaɗɗen baki ta juya ta kalli ɗaya gefen. Rabi na ba wa Mama, wadda ko ƙwai ɗaya ne ya shiga hannunta sai ta raba. Ka ninka uku da kanta ta girma, ka ninka rabi da kanta ta koma kwata. Sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, in rubuta tambaya, in juyo in ce, to Danjuma, me ka gani? Markus, na san kana da magana, faɗi. Mai gadi ya taɓa leƙowa ya tarar ina gardama da benci, daga ranar ya riƙa gaishe ni daga nesa.

Akwai wasu abubuwan da suka ba ni daɗi, ba zan ɓoye ba. Na gano cewa sifili cika ce ba mara ba, wato tana rabuwa biyu ba saura, abin da na yi shekaru ina tsammanin ba ta cikin kowane ɓangare. Na gano cewa a cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, biyu ce kaɗai cika, sauran duk mara ne. Na gano cewa in ka ɗauki lambobi biyu maƙwabtan juna, kamar bakwai da takwas, ka ninka su, dole cika ce za ta fito, domin ɗaya daga cikinsu dole cika ce, ba sai ka san ko su waye ba. Ranar da na gane wannan na tafa hannu ni kaɗai a aji. Na juya in faɗa wa wani, sai na tuna sai Litinin za a dawo, kuma ko an dawo ba wanda abin ya dama.

Gida kuma sai ranar Lahadi da sassafe nake zuwa, in yi sujada in juyo da yamma. Ba wanda ya yi mini fushi, kowa yana amsa gaisuwata. Amma in an fito daga majami'a maza suka tsaya a gindin ɗorawa, hirar jiya ake yi. Wani zai ce "kamar kunun jiya," kowa ya fashe da dariya, ni ma in yi murmushi ban san abin da ya sami kunun ba. Da ni ne nake kawo irin wannan maganar, yanzu sai an fassara mini, kuma abin dariya in an fassara shi ya mutu. Uwarku ta gaji, wata Lahadi tana haɗa mini garin da zan tafi da shi ta ce:

"A zumunta mata na majami'a suna tambaya na ko miji na ya yi wani mata a Kafanchan ne."

"Me kika ce musu?"

"Na ce gara ma mata, da na san gidan da zan je in yi faɗa."

Mama ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba a duk tsawon shekarar. Sai dai na ji cewa kowace Asabar tana ɗaukar tulu ta bi gayya duk gonar da aka je, ta kai ruwa, ta ɗebo ganyen lulluɓe, lokacin acca ta shiga cikin mata masu ɗauri, ga ta da ciwon gwiwa. Na ce mata ta huta, ai na aika da mutum. Ta ce zaman gida ne ke ƙara mata ciwon.

Ana cikin yankan acca, jarrabawa ta matso, wata Juma'a bayan an tashi ina aji ina goge allo sai ga Markus a bakin ƙofa. Ya shigo Kafanchan sayen magani ne, matarsa tana kwance tun haihuwa. Bai taɓa zuwa makarantarmu ba sai ranar. Ya zauna a bencin gaba, gwiwoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur, muka yi dariya. Sannan ya ce:

"Tica, gobe gona na ne."

"Na sani. Mutumina zai zo da wuri."

"Ba mutumin ka na zo nema ba. Ka zo ko rabin rana ne. Ka yanka dami ɗaya, ka sha kunu, ka koma. Baba zai gani, kowa zai gani."

Ya zo ne ya buɗe mini ƙofa, na gane sarai. Amma na san kaina. Rabin rana a ƙauye rana ce sukutum, kuma in na je gonar Markus, da wane ido zan ƙi ta wanda ke biye da shi? Ga shi a makon ne na fara ganin hannuna yana zaɓen amsa ta huɗu ba tare da gardama ba, ina tsoron in na saki zaren ya kuɓuce. Na ce masa ya yi haƙuri, saura kaɗan. Ya ɗaga kai ya kalli abin da ya rage a allo.

"Wannan ne ya riƙe ka?"

Na ce shi ne. Don kunya ta ishe ni sai na kama yi masa bayanin yadda rabi sau rabi ke komawa kwata, kamar wannan ne ya tambaya. Ya saurara har na gama, ya ɗauki ledar maganinsa ya miƙe.

"To. Allah ya ba da sa'a."

Na raka shi bakin titi ya hau bas. Washegari na amsa tambayoyin gwaji fiye da yadda na taɓa yi, kusan duka daidai. Na ci burodi da ruwan famfo a kan teburin malami.

Na rubuta jarrabawar a Abuja, a gaban kwamfuta, cikin ɗakin da sanyinsa ya sa yatsuna suka ƙage. Tambayoyin suka riƙa zuwa, ni kuma ina kiran shaiduna a zuci ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda ta ce ekis ta fi sifili, a kwatanta ta da abin da za a samu in an ninka ta da kanta. Da a farkon shekara ne da na ce na biyun ya fi na wuce. Na gwada uku, na biyun ya fi. Na gwada ɗaya, daidai suke. Na gwada rabi, ta farkon ta fi. Na danna ba za a iya sani ba, hankalina kwance. Da na gama kwamfutar ta nuna mini makin lissafi nan take, ya wuce abin da ƙungiyar ke nema da tazara. Na fito rana tana dukana, ba wanda na sani a garin. A motar dawowa, mun wuce Kagarko, na kasa riƙewa na faɗa wa matar da ke kusa da ni cewa na ci jarrabawa. Ta ce mun gode Allah, sannan ta roƙe ni in ɗan janye ƙafata daga kan kwandon kajinta.

Lahadin da ta biyo baya, bayan sujada, Baba Ayuba ya sanar cewa Asabar mai zuwa tonon citta a gidan marigayi wansa ne, wato gidanmu. Daɗi ya kama ni. Na ce ashe dai tsohon ya sauko. Na sayo manja da riɗi a Kafanchan, uwarku da Mama suka dafa wake a babbar tukunya, suka dama kunu har da na ajiya. Gonarmu kashi biyu ce. Akwai babba ta tudu, wadda na gada, sai wata 'yar siririya a gangare wajen rafi da mahaifina ya yanka wa Mama tun tana amarya, ya jera duwatsu a tsakani. Da safe 'yan gayya suka iso, dukansu, da waƙa, fartanyu a kafaɗa, har Danjuma ya zo kafin abinci. Na tare su da murna ina tsokanar kowa. Suka gaishe ni, suka wuce ni, suka gangara gonar Mama. Na ce to daga ƙasa za a faro, na bi su muka kama tono. Kafin rana ta take an gama, an tara cittar Mama tsibi-tsibi. Aka zauna aka ci wake, aka sha kunu, aka yaba hannun matan gida. Baba Ayuba ya yi addu'a. Da aka ce amin sai na ga kowa yana kakkaɓe fartanyarsa yana saɓawa a kafaɗa.

Uwarku tana riƙe da ludayi, ta tsaya cak. Ni kuma na bi Baba har bakin duwatsun.

"Baba, ta tudun fa?"

"Mun yi wa wanda ya yi mana, Ishaya. Maman ka ya zo kowane Asabar da ƙafa mai ciwo. Mun gama nasa."

Ba faɗa a muryarsa, ba gori. Ya ma dafa kafaɗata.

"Yaya jarrabawan?"

"Na ci, Baba."

"Madalla! Mun gode wa Ubangiji. Ka ɗaga sunan gidan mu."

Kuma har zuciyarsa ya faɗa, na san shi. Ya juya ya sanar wa sauran, suka yi ta miƙo mini hannu suna taya ni murna, sannan suka bi hanya suka tafi. Markus ne na ƙarshe. Ya daɗe yana ɗaure igiyar takalminsa da ba ta kwance ba, bai kalle ni ba, ya bi bayansu. Mama ta kwashe kwanuka ta nufi gida. Na hau tudu na kama tono ni kaɗai har yamma, ba don zan iya gamawa ba, don dai ban san inda zan sa kaina ba. Godiya, kina 'yar ƙarama aka aiko ki ki kira ni, abin da kika gani ke nan kika riƙe. Cittar ba ta lalace ba, na ɗauki leburori a makon suka tone ta tas. Ba citta na rasa a ranar ba.

Ba na neman gafarar kowa a kan wannan, kuma ba wanda ya kamata ya nemi tawa. Da a ce za a mayar da ni shekarar, Asabar ɗin nan a aji zan sake yin su, domin da su na tafi karatu, da su na samu aikin da ya kai ku makarantun da kuka yi. Su ma da sun hau tudun nan a ranar, da shekara mai zuwa duk mai ɗan albashi ya aiko da lebura, da gayya ta zama kwangila. An faɗa mini doka tun kafin in taka ta, an biyo ni har Kafanchan an ba ni hanya. Saboda haka duk wanda ya je Manchok a cikinku ya nemi gidan Markus ya durƙusa ya gaishe shi yadda ake gaida uba.

Bayan na dawo daga karatu ƙauye ya karɓe ni hannu biyu. In za a yi gidauniyar rufin majami'a ni ake kira, in yaro yana neman makaranta gidana ake kawo shi. Na ɗauka komai ya wuce. Gayya dai ba a sake sanar da ni ranarta ba, na ce ai don ina Kaduna ne. Sai da Baba Ayuba ya rasu na san inda nake. A wurinmu mazan gayya ne ke haƙa kabarin nasu, ba a ɗaukar kowa haya, kowa sai ya sa hannu ko sau ɗaya ne. Na iso da safe na tarar an fara a bayan gida. Na cire hula na ajiye, na naɗe hannun riga, na ɗauki shebur da ke jingine da bango. Markus yana cikin ramin, furfura ta cika masa kai. Ya fito, ya zo ya karɓi shebur ɗin daga hannuna a hankali, da hannu biyu, yadda ake karɓar kaya daga hannun baƙo.

"A'a, Oga, kayan ka zai yi datti. Ku kawo masa kujera."

Aka kai ni ƙarƙashin rumfa, aka zaunar da ni a layin gaba tare da manyan baƙi daga ƙaramar hukuma, aka miƙo mini ruwan roba mai sanyi. Daga nan ina jin ƙarar diga a bayan gida, da muryoyinsu suna karɓa wa juna, har suka gama.